Metallica: makaɗan da suka ƙi kamara shekara bakwai

Ranar 20 ga watan Janairu na shekarar 1989, tashar telebijin ta MTV, wadda a lokacin babban aikinta dare da rana shi ne nuna mawaƙa, ta saka wani ɗan fim na minti bakwai da ƴan kai da bai yi kama da abin da ta saba nunawa ba. Babu ƴan mata masu rawa, babu motocin alfarma, launi ma kusan babu, baƙi da fari ne. Samari huɗu ne masu dogon gashi a cikin wani kangon sito, suna kiɗa fuska a murtuke, kuma a tsakanin hotunansu ana ta gilmo da wani soja kwance bisa gadon asibiti, an rufe masa fuska da farin ƙyalle. Sunan waƙar One, wato "ɗaya". Makaɗan kuwa su ne Metallica, waɗanda a lokacin sun riga sun fitar da faifai huɗu, sun sayar da miliyoyi, sun zagaye Amurka da Turai da Japan, amma shekara bakwai cur ba su taɓa yarda an yi wa waƙarsu kilip ba, wato irin ɗan gajeren fim ɗin nan da ake ɗora wa waƙa don a nuna ta a telebijin.

Ƙin nan nasu ba ƙaramin ganganci ba ne a kasuwar waƙa ta wancan zamani. An buɗe MTV ranar 1 ga Agusta 1981, wata uku kacal kafin a kafa Metallica, kuma kafin a ankara ta zama ita ce bakin kasuwa. Mawaƙin da ba ta nuna ba, tamkar ɗan kasuwar da ya kasa hajarsa a bayan gari ne. Kamfanonin faifai suka shiga zuba dukiya cikin hoto, har kilip ɗin Thriller na Michael Jackson ya lashe rabin miliyon na dalar Amurka a 1983. Makaɗan birnin Los Anjeles irin su Mötley Crüe da Poison suka gane inda iska ta dosa, suka tayar da gashi, suka shafa hoda da jan baki, suka tsaya gaban kamara. Metallica a birni ɗaya suka taso da waɗannan, kuma babu abin da suka raina kamar su.

Kiɗan ƴaƴan maƙera

Irin kiɗan da ake magana a kai sunansa heavy metal, ma'ana ƙarfe mai nauyi, kuma sunan ya dace da asalinsa. A Birmingham aka haife shi, birnin masana'antun ƙarfe na ƙasar Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai gitar ƙungiyar, Tony Iommi, injin yankan ƙarfe ne ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar da yake aiki, sai ya yi wa yatsun hula, daga baya kuma ya sassauta tsarkiyar gitarsa don ta rage masa zafi, muryarta ta ƙara kauri da duhu. A ƙarshen shekarun 1970 wani sabon ayari ya taso a Ingila, su Iron Maiden da Motörhead da Diamond Head, suka ƙara wa kiɗan sauri.

Wannan ayari ne ya ɗauke hankalin wani yaro ɗan ƙasar Danmak, Lars Ulrich, wanda aka haifa a 1963. Mahaifinsa Torben Ulrich sanannen ɗan wasan tanis ne, kuma don yaron ya gaji uban aka ƙaura da shi Kalifoniya a 1980. Tanis ta ƙi, ganguna suka karɓa. A 1981 ya saka ƴar sanarwa a wata jaridar talla mai suna The Recycler, yana neman abokan kiɗa. Cikin waɗanda suka amsa akwai James Hetfield, sa'arsa a shekaru, amma sun bambanta a komai. Shi Ulrich ɗan gata ne mai surutu, ya ga duniya tun yana ƙarami. Hetfield kuwa miskili ne, uba ya bar gida, uwa kuma ta rasu da ciwon daji yana da shekara 16, ba ta ga likita ba, domin gidansu mabiya wata ɗariƙar Kirista ne da ake kira Christian Science, wadda mabiyanta suke tsayawa ga addu'a su guje wa asibiti. Wannan rasuwa za ta yi ta dawowa cikin waƙoƙinsa shekara da shekaru.

A watan Oktoba 1981 suka kafa ƙungiyar. Babu rediyon da zai saka su, babu kamfanin da ya san da zamansu. Abin da ya fitar da su kaset ne. A 1982 suka ɗauki waƙoƙi bakwai a wani kaset mai suna No Life 'Til Leather, Ulrich ya dinga kwafa yana aikawa ta gidan waya ga duk wanda ya san yana son irin wannan kiɗa, su kuma waɗanda suka samu suka kwafa wa wasu, daga San Faransisko har Jamus da Holan. Duk wanda ya tuna yadda kaset-kaset na gitar ishumar suka dinga bin hannu-hannu tsakanin Tamanrasset da Agadas a farkon shekarun 1990, ya san wannan hanya, ya kuma san irin amanar da take ƙullawa tsakanin makaɗi da mai saurare. Wanda ya samu waƙa daga hannun aboki yana jin tasa ce, ba wani ne ya tallata masa ba.

Kaset ɗin ya isa hannun Jon Zazula, wani mai sayar da faifai a wata kasuwar ƴan koli ta jihar New Jersey, wanda ya kirawo su gabas, ya kafa kamfanin Megaforce don kawai ya fitar da su. Kafin nan sun riga sun koma yankin San Faransisko, domin Cliff Burton, mai gitar bas da suka nace sai sun samu, ya ce ba zai zauna Los Anjeles ba, in suna sonsa su zo. A Niyu Yok, cikin Afrilu 1983, suka sallami mai babbar gitarsu Dave Mustaine saboda shaye-shaye da faɗa, suka sa shi a motar haya zuwa Kalifoniya, tafiyar kwana huɗu. Ya je ya kafa Megadeth, da takaicin da bai huce ba har bayan shekara ashirin. Kirk Hammett ya maye gurbinsa. Faifan farko, Kill 'Em All, ya fito a Yuli 1983, na biyu Ride the Lightning a 1984, na uku kuma Master of Puppets a Maris 1986. Wannan na ukun ya kai matsayi na 29 a jerin faifan da aka fi saye a Amurka, ya wuce kwafi 500,000 cikin ƴan watanni, ba kilip, ba rediyo. Da wannan hujja suke toshe bakin duk wanda ya ce musu sai da telebijin ake cin kasuwa.

Da asubahin 27 ga Satumba 1986, kar ɗin da ke ɗauke da su daga Istokholm zuwa Kopenhag ya kauce hanya kusa da ƙauyen Dörarp a kudancin Suwidin, ya kife. Burton yana barci a gadonsa, aka wurgo shi ta taga, motar ta danne shi. Shekarunsa 24. Shi ne wanda ya fi su sanin ilimin kiɗa, shi ya koya wa sauran yadda ake jera muryoyin gita su tafi tare. Ba su tsaya dogon makoki ba, cikin ƴan makonni suka ɗauki Jason Newsted suka koma hanya, kuma shi Newsted ya biya kuɗin wannan gaggawa, domin shekaru suka yi suna huce baƙin cikinsu a kansa. A faifan da ya biyo baya, ...And Justice for All na 1988, da ƙyar kunne yake tsinto muryar gitarsa.

Wani abin lura shi ne kaset ɗin bidiyo na farko da suka fitar, Cliff 'Em All, a ƙarshen 1987, don tunawa da mamacin. Da suka nemi hotunansa, ba su da na ƙwararru sai ƙalilan, tun da sun ƙi kamara. Sai suka tattara waɗanda ƴan kallo suka ɗauka a ɓoye daga cikin taro, hoto yana rawa, sauti yana shaƙewa, suka haɗa suka sayar a haka. Masoyansu suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Sojan da ya nemi a nuna shi

To, me ya sa suka sauya a ƙarshen 1988? Amsar tana cikin waƙar One da kuma wani tsohon fim da kusan kowa ya manta.

Marubucin Amurka Dalton Trumbo ya wallafa wani littafi mai suna Johnny Got His Gun a Satumba 1939, kwana biyu da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Trumbo na cikin mutum goma na Holiwud da suka ƙi amsa tambayoyin wani kwamitin majalisar dokoki a 1947 game da alaƙarsu da kwaminisanci. Aka kai shi gidan kaso a 1950, ya yi kusan shekara guda, ya fito aka hana shi aiki da sunansa, ya ci gaba da rubuta fina-finai da sunayen aro, har biyu daga cikinsu suka ci lambar Oscar ba da sunansa ba. A 1971, yana tsoho, ya mai da littafin nasa fim da hannunsa, shi ne kuma fim ɗaya tak da ya taɓa jagoranta. Ya ci babbar lambar alƙalai a bikin sinima na Cannes, amma a kasuwa bai yi komai ba. Trumbo ya rasu a 1976.

Labarin na wani saurayi ne, Joe Bonham, sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda harsashin igwa ya faɗa wa a Faransa. Ya farka a asibiti, sannu a hankali ya gano ba shi da hannuwa, ba shi da ƙafafu, ba ido, ba kunne, ba hanci, ba baki. Likitocin soja sun ɗauka ƙwaƙwalwarsa ta mutu, suka ajiye shi a wani ɗaki a rufe don nazari. Alhali hankalinsa garau yake, yana tuna ubansa da budurwarsa, yana ƙirga kwanaki da ɗumin rana a fatar wuyansa. Daga bisani ya tuna da alamun Morse, irin na tangaraho, ya shiga buga ƙeyarsa a matashi, har wata ma'aikaciyar jinya ta lura cewa magana yake yi. Da manyan hafsoshi suka zo suka tambaye shi abin da yake so, sai ya ce a sa shi cikin akwatin gilashi a zagaya da shi gari-gari, jama'a su ga abin da yaƙi yake yi, in kuwa ba za a yi ba, a kashe shi. Aka hana shi duka biyun, aka rufe ƙofa. Faransawa suna da sunan da suke kiran irin waɗannan raunanan na yaƙin 1914 zuwa 1918, masu fasassun fuskoki, kuma ba Turawa kaɗai aka fasa ba: tirayar kusan 200,000 aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa wannan yaƙi, wajen 30,000 ba su komo ba.

Waƙar One da bakin irin wannan soja take magana. Tana farawa da ƙarar bindigogi daga nesa, sannan gita mai sanyi, a hankali, kamar mai rarrashi. Sai ta dinga nauyi tana nauyi, har wajen minti na huɗu da rabi, inda Ulrich yake sakin manyan ganguna biyu na ƙafa tare da gitar Hetfield, su yi ta tafiya kamar bindiga mai jigida. A watan Disamba 1988 aka ɗauki hoton makaɗan a wani sito a Long Beach, ƙarƙashin jagorancin Bill Pope da Michael Salomon, aka sassaƙa shi da gutsattsarin fim ɗin Trumbo, inda Timothy Bottoms ya fito a matsayin Joe.

Abin da ya ba wannan kilip ƙarfi shi ne makaɗan sun yarda su koma baya. Muryoyin ƴan fim ɗin, na likita da na uba da na shi sojan yana magana a zuci, suna hawa kan kiɗan, wani wuri ma har su danne gitar Hammett, abin da makaɗi mai son a gan shi ba zai taɓa lamunta ba. Ba sa kallon kamara, ba sa murmushi, hannuwansu aka fi nunawa. Mutanen da suka yi shekara bakwai suna ƙin a nuna su, ranar da suka yarda, sai suka ba da rabin filin ga wanda ya roƙi a nuna shi aka hana. Trumbo bai samu ƴan kallo a gidajen sinima ba, amma shekara 13 bayan mutuwarsa miliyoyin yara sun ga Joe Bonham a ɗakunan iyayensu, tsakanin tallar lemo da rawar ƴan mata. Daga baya ƙungiyar ta sayi haƙƙin mallakar fim ɗin baki ɗaya.

Kilip ɗin ya hau kan jerin waɗanda masu kallon MTV suka fi nema, waƙar kuma ta kai matsayi na 35 a Amurka, karo na farko da wata waƙarsu ta shiga cikin arba'in na sama. A bikin Grammy na Fabrairu 1989 suka kaɗa ta a gaban manyan masana'antar, kowa ya sakankance su za a ba lambar, sai aka miƙa ta ga Jethro Tull, tsofaffin makaɗan Ingila da shugabansu sarewa yake busawa. A shekarar da ta biyo aka gyara kuskuren, One ta ci. Amma a wajen wasu tsofaffin masoya, ƴan zamanin kaset, an riga an ci amana. Hetfield ya taɓa ba da labarin wani saurayi da ya tare shi ya tofa masa yawu, laifinsa kawai ya yi kilip.

Bayan an buɗe ƙofa

Wanda ya tofa yawun bai ga komai ba tukuna. Ranar 12 ga Agusta 1991 suka fitar da faifai na biyar, mai baƙin bango, wanda duniya ta laƙaba wa suna Black Album. Sun ɗauko Bob Rock, mutumin da ya gyara sautin Mötley Crüe ɗin nan da suke rainawa, suka gajarta waƙoƙi, suka rage sauri, suka kashe kusan dala miliyon ɗaya. Faifan ya yi mako huɗu a matsayi na ɗaya, ya wuce kwafi miliyon 16 a Amurka kaɗai. Waƙoƙi biyar aka yi wa kilip. Na Enter Sandman, aikin Wayne Isham, mafarkan tsoro ne na wani yaro: macizai a gado, faɗowa daga saman bene, wata ƙatuwar mota tana bin sa, hoto yana walƙiya yana ɗaukewa. Ya ci lambar MTV a 1992, kuma gwaninta ce ta gaske, sai dai gwanintar mai talla ce, an san abin da zai kama ido an kuma ba da shi. Wanda ya fi kusa da ruhin One shi ne The Unforgiven na Matt Mahurin, shi ma baƙi da fari, inda wani yaro yake shiga wani ɗakin dutse marar taga, ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙar bango, sai da ya tsufa tukuf ya huda ƴar kafar da haske zai shigo.

Hoton da ya fi kowane kilip yawo daga wannan zamani kuwa ba shirya shi aka yi ba. Ranar 28 ga Satumba 1991, ƴan makonni bayan juyin mulkin da ya ci tura a Tarayyar Sobiyet, Metallica da AC/DC da Pantera suka yi wasa kyauta a filin jiragen sama na Tushino a Mosko. Jama'a dubu ɗaruruwa, iyakar ganin ido, jirage masu saukar ungulu suna shawagi bisa kawunansu, sojoji suna dukan ƴan kallo da kulake, wasu sojojin kuma sun tuɓe rigunan sarki sun shiga rawa. Bayan wata uku ƙasar da aka yi wasan a cikinta ta daina wanzuwa.

A 1996, da faifan Load, suka aske dogon gashin, Ulrich da Hammett suka ranbaɗa kwalli, suka tsaya gaban mai ɗaukar hoto Anton Corbijn. Kilip ɗin Until It Sleeps, na Samuel Bayer, an gina shi a kan zane-zanen Hieronymus Bosch, mai zanen ƙasar Holan da ya rasu a 1516, cike da halittu masu ban tsoro da launi mai kauri. Waƙar a kan ciwon da ya kashe mahaifiyar Hetfield take, kuma tana cikin mafi gaskiyar abin da ya rubuta, amma ado ya yi wa hoton yawa har ya rufe ta. Shi kansa Hetfield ya faɗa daga baya cewa kamannin da suka ɗauka a wannan lokaci bai kwanta masa a rai ba. Na Turn the Page a 1998, aikin Jonas Åkerlund, ya fi tsayawa da ƙafarsa: wata uwa ce mai zaman kanta tana yawo da ƴarta daga masauki zuwa masauki, an nuna wahalarta ba tare da an ƙawata ta ba, har MTV ta ƙi saka shi yadda yake.

Sai rigimar Napster. A shekarar 2000 suka ji wata waƙarsu da ba su gama ba, I Disappear, tana tashi a gidajen rediyo. Da aka bi sawu, sai aka tarar ta fito ne daga wata manhajar intanet mai suna Napster, inda mutane suke musayar waƙoƙi kyauta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kuma duk abin da Metallica ta taɓa fitarwa yana can. A watan Afrilu suka kai ƙara kotu. A watan Mayu Ulrich da kansa ya kai ofishin kamfanin kwalaye cike da sunayen mutum fiye da 300,000 da suka yi musayar waƙoƙinsu, aka toshe su. A Yuli ya ba da bahasi gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa. Hujjarsa ita ce mai abu shi ke da ikon cewa yaushe da yadda za a fitar da abinsa, kuma ba za a ce ƙarya ya yi ba, domin cikin shekara goma kuɗin da masana'antar faifai take samu a Amurka ya ragu da fiye da rabi. Amma jama'a ba hujja suka gani ba. Sun ga attajirin da kwafin kaset ya ɗaga, yana kai sunayen masu kwafi gaban hukuma. Tabon bai gama gogewa ba har yau.

Kamara a cikin ɗaki

A Janairu 2001 Newsted ya gaji ya tafi. A daidai lokacin ne wasu masu shirya fim biyu, Joe Berlinger da Bruce Sinofsky, suka fara ɗaukar aikin sabon faifai, da nufin ɗan fim na talla. Sai abin ya rikiɗe a gabansu. Hetfield ya fita daga sitidiyo bayan wata hatsaniya da Ulrich, ya shiga asibitin masu barin giya, ya yi kusan shekara bai dawo bakin aiki ba. Ƙungiyar ta ɗauki wani mai sasanta zukata, Phil Towle, tana biyansa dala 40,000 kowane wata don ya zaunar da manyan mutane su koyi yi wa juna magana. Duk an ɗauka, har zaman da Mustaine ya fuskanci Ulrich ya gaya masa yadda korar 1983 ta ci masa rai, har ranar da aka ɗauki Robert Trujillo a 2003 aka yi masa tayin dala miliyon ɗaya nan take. Fim ɗin, Some Kind of Monster, ya fito a 2004. Suna da ikon binne shi, tun da kuɗinsu ne, amma suka bari ya fita da duk abin kunyar da ke ciki. Waɗanda a da ko fuskarsu ba sa so a ɗauka, yanzu an ga hawayensu da ƙananan maganganunsu. Wasu suka yi musu dariya, wasu suka ce tun One ba su yi abin da ya kai wannan ƙarfin hali ba, kuma na biyun sun fi kusa da gaskiya.

Kilip ɗin St. Anger na 2003 a cikin gidan kaso na San Quentin aka ɗauke shi, inda Johnny Cash ya ɗauki shahararren faifansa a 1969. Ƴan kaso na gaske ne suke kewaye da makaɗan, kuma kafin su shiga an sanar da su ƙa'idar gidan, cewa in aka yi garkuwa da su hukuma ba za ta yi ciniki ba. Suka yi wa mazauna gidan wasa na musamman kafin su tafi. A 2008 suka sake komawa ga soja da The Day That Never Comes, wanda ɗan Danmak Thomas Vinterberg ya shirya, lokacin da Amurka take tsundum cikin yaƙin Iraƙi da na Afganistan. Wani soja da aka harbe abokinsa ya tarar da wata mota ta mutu a hanyar hamada, da wani mutum da mace mai lulluɓi. Ya ɗaga bindiga, yana zaton tarko ne, an ja lokacin har numfashin mai kallo ya tsaya, sannan ya sauke ta, sojojin suka taru suka tura motar.

Kafin wannan lokaci MTV ta riga ta juya wa kiɗa baya ta koma wasu shirye-shirye, kilip kuma ya ƙaura zuwa YouTube, inda ba mai tsaron ƙofa. A 2012 Metallica ta karɓe mallakar dukkan faifanta ta kafa kamfaninta, Blackened. A 2013 ta zuba kuɗinta a wani fim na sinima, Through the Never, wanda bai mayar da abin da aka kashe ba. A shekarar dai ta yi wasa a Cape Town da Johannesburg, sannan ranar 8 ga Disamba ta yi a sansanin Carlini na Antatika, inda ƴan kallo suka saurara ta na'urar kunne don kada ƙara ta dami halittun wurin, ta zama ƙungiyar farko da ta kaɗa a nahiyoyi bakwai cikin shekara guda. A Nuwamba 2016 kowace waƙa cikin goma sha biyu na faifan Hardwired... to Self-Destruct ta samu nata kilip, aka sake su ɗaya bayan ɗaya kafin faifan ya fito. Yawancinsu an kalla an wuce. A 2022 kuma wani wasan kwaikwayo na Netflix, Stranger Things, ya saka Master of Puppets a wani fage, sai ga waƙar da aka ƙi yi wa hoto a 1986 ta shiga jerin waƙoƙi ɗari na Amurka karo na farko, bayan shekara 36, ta hannun yaran da ba a haifi wasu iyayensu ba lokacin da aka rubuta ta.

Faifansu na goma sha ɗaya, 72 Seasons, ya fito a Afrilu 2023, lokacin Hetfield da Ulrich suna dab da cika shekara 60. Shi ma kowace waƙa da hotonta. Amma sun ƙara wani abu: kowace ɗaya cikin waƙoƙin goma sha biyu an yi mata bidiyo na dabam da maganar hannu ta kuramen Amurka, inda tafinta yake tsayawa gaban kamara, yana fassara kalmomin da yatsu, gangunan da gitar kuma da kafaɗa da fuska.